A Fara Da Amanar Hanya Kafin A Busa Usur

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ƙungiyoyin sa-kai suke amfani da wasanni wajen neman masu gaba da juna su tsagaita wuta. Tun 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 6 ga Afrilu domin wasanni da zaman lafiya, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo sai ka ga an buga riguna, an kafa rumfa, an ajiye kofi a kan tebur, an ce ana gasar zaman lafiya. Na shafe fiye da shekara 20 ina koyar da wasanni a wata makarantar sakandare a Jos, na halarci irin wannan gasa ba adadi, kuma abin da idona ya nuna mini shi ne yawancinmu mun riƙe ƙwallo da hannu biyu, mun saki abin da ya kamata ƙwallon ta jawo.

Al'adar tsagaita wuta saboda wasa daga tsohuwar ƙasar Girka ta samo asali, inda aka fara ƙidayar wasannin Olamfik daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar lokacin wasa ya yi sai dukan yaƙe-yaƙen Girkawa su tsaya cik, alhali abin da aka ƙulla ya fi haka ƙanƙanta, kuma ƙanƙantar tasa ce ta sa ya ɗore ɗaruruwan shekaru. Birnin Elis, mai kula da filin Olimfiya, yakan tura manzanni gari-gari su sanar da lokacin, sannan kowa ya san cewa ba a taɓa ɗan wasa ko ɗan kallo a kan hanyarsa ta zuwa da ta komawa, ba a kuma shiga ƙasar masu masauki da makami. Dokar tana da haƙora, domin a shekara ta 420 kafin Miladiyya an tuhumi Sparta, ɗaya daga biranen Girka, duk da ƙarfin sojanta, da kai farmaki a cikin kwanakin, aka ci ta tara mai nauyi, da ta ƙi biya aka hana ta shiga wasannin. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙo a kunnensa ba, tunda ya san watanni huɗu masu alfarma, Zulƙida da Zulhajji da Muharram da Rajab, waɗanda Larabawa suke ajiye takobi a cikinsu domin mahajjaci da ɗan kasuwa su yi tafiya cikin aminci. A nan ma hanya ce aka fara tsarewa.

A zamaninmu hukumar Olamfik ta duniya ta farfaɗo da maganar a 1992, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya zartar da ƙuduri a kanta ranar 25 ga Oktoba, 1993. Daga nan ake sabunta ƙudurin kafin kowace gasa, ana roƙon ƙasashe su dakatar da faɗa daga kwana bakwai kafin buɗe wasanni har kwana bakwai bayan rufe gasar masu buƙata ta musamman. Ƙasashe suna rige-rigen sa hannu, amma ƙudurin roƙo ne kawai. Yaƙin Rasha da Jojiya ya ɓarke ne daidai lokacin da ake buɗe wasannin Beijing a Agustan 2008, Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukiren a 2014 jim kaɗan bayan wasannin Sochi, sannan ranar 24 ga Fabrairu, 2022, kwana huɗu da rufe wasannin hunturu, sojojin Rasha suka kutsa Yukiren alhali wa'adin bai cika ba. An hana 'yan wasan Rasha shiga gasar da ta biyo baya, amma tankokin yaƙi ba su juya ba. Wannan ya isa ya nuna mana iyakar sanarwar da ake yi daga sama, a zauren da ke nesa da inda bindiga take.

Labarin da aka fi kafa hujja da shi a nahiyarmu shi ne na Kwaddibuwa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tun Satumban 2002 ƙasar ta rabu biyu, 'yan tawaye suna riƙe da arewa da birnin Buwake, gwamnatin Laurent Gbagbo tana riƙe da kudu. Ranar 8 ga Oktoba, 2005, 'yan ƙwallon ƙasar suka doke Sudan da ci 3 da 1 a Omdurman, a daidai lokacin da Kamaru ta ɓarar da fenariti a mintunan ƙarshe na wasanta da Masar, abin da ya ba Kwaddibuwa gurbin zuwa gasar cin kofin duniya karon farko a tarihinta. A ɗakin canza kaya, gaban kyamarar talabijin, Didier Drogba ya karɓi makirufo, shi da abokan wasansa 'yan kudu da 'yan arewa, Musulmi da Kirista, suka durƙusa a kan gwiwoyinsu suna roƙon a ajiye makamai a yi zaɓe. Daga baya shi ne ya nemi a kai wasan ƙasar da Madagaska zuwa Buwake, aka buga ranar 3 ga Yuni, 2007, aka ci 5 da nema, sojojin gwamnati da na tawaye suna zaune a fili ɗaya. Duk wanda ya ga hoton wannan durƙuso ya san ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni kaina na nuna wa ɗalibaina shi sau da yawa. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa wata uku kafin wasan Buwake an riga an sa hannu a yarjejeniyar Wagadugu tsakanin Gbagbo da jagoran 'yan tawaye Guillaume Soro, wato wasan ya zo ne ya ƙarfafa abin da aka ƙulla a teburin sulhu, ya sa talaka ya gani da idonsa cewa hanyar arewa ta buɗe. Da yake ba a warware rigimar wane ne ɗan ƙasa da rigimar filayen noma ba, zaɓen 2010 ya sake kunna wutar, aka rasa rayuka kusan 3,000. Haka nan labarin da muke yawan bayarwa cewa an dakatar da yaƙin basasar Nijeriya na sa'o'i 48 a 1969 domin a kalli Pele da ƙungiyar Santos, masu bincike da suka duba jaridun lokacin ba su ga alamar hakan ba. Son labari mai daɗi yana sa mu ɗora wa ƙwallo kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Inda na fi ganin darasi shi ne wajen waɗanda suka yi aikin a ƙasa, ba tare da jiran wani ƙuduri ba. Tegla Loroupe, 'yar ƙabilar Pokot ta Kenya, wadda a 1994 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta lashe gudun fanfalaki na birnin New York, ta tashi ne a yankin da satar shanu tsakanin Pokot da Turkana da Karamojong na Yuganda take cin rayuka, irin masifar da mu ma yanzu muka san ɗacinta. A 2003 ta kafa gidauniyarta, ta fara tseren zaman lafiya a garin Kapenguria, inda samarin da suka saba haɗuwa a daji da bindiga suke zuwa su yi gudu tare. Abin lura shi ne bayan tseren akwai zama, akwai roƙon a miƙa makamai, akwai makarantar da ta gina wa yaran da rikicin ya mayar marayu. A birnin Medelin na Kolombiya kuwa, bayan an harbe ɗan wasa Andrés Escobar ranar 2 ga Yuli, 1994, kwana goma da cin gida da ya yi a gasar kofin duniya, wani Bajamushe mai suna Jürgen Griesbeck ya fara shirya wa samarin unguwanni masu gaba wasa mai dokoki na daban. Babu alƙalin wasa, 'yan wasan da kansu suke zama su tsara sharuɗɗa kafin a fara, maza da mata suna ƙungiya ɗaya, ana ba da maki a kan ladabi kamar yadda ake bayarwa a kan zura ƙwallo, makami kuma a waje ake barinsa. Ya fahimci cewa ƙwallo da kanta ba ta da ɗabi'a, domin ita ce dai aka yi ta rikici a kanta kafin yaƙin Salbado da Honduras a 1969, kuma a filinta ne mutane fiye da 70 suka mutu a Port Said ta Masar a 2012.

Malam Edita, na ga fuska biyu na wannan abu a garinmu. Bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, Jos ta zama gari mai unguwannin da wani ba ya shiga na wani, har yaro ya girma bai taɓa taka titin da kakansa ya yi kasuwanci a kai ba. Wata ƙungiya ta taɓa gayyatarmu gasar zaman lafiya, ta haɗa unguwar Musulmi da unguwar Kirista a matsayin abokan karawa, ta sa kuɗi masu tsoka a kan kofi, aka bar yara cikin rana sa'a uku ana jiran babban baƙo. Da alƙali ya ba da fenariti a kashi na biyu sai duwatsu suka fara tashi, muka kwashe yaranmu ta bayan katanga. Washegari na ga hotunan buɗe taron an watsa su ana cewa an yi nasara.

Shekarar da ta biyo baya ni da wani abokin aikina Kirista, mai horar da yara a ɗaya ɓangaren, muka ce bari mu gwada da kanmu. Wasan minti 60 ne, amma shirinsa ya ci mako uku, kuma kusan duk lokacin a zaure muka ƙarar da shi, daga wajen mai unguwa zuwa liman, daga fasto zuwa shugabannin matasa, har da 'yan acaɓa da suke tsayawa a bakin gada. Abin da muka nema ƙarami ne: daga la'asar ɗin Juma'a zuwa magaribar Lahadi, duk wanda ya ratsa wannan titi saboda wasa yana cikin amanar unguwar da ya shiga, kuma dattijo biyu daga kowane ɓangare za su zauna a cikin motar yaran, zuwa da dawowa. Muka cakuɗa yaran ta hanyar ƙuri'a, yadda ba mai iya cewa unguwa kaza ce ta ci, muka kuma ce babu kofi. Ba zan manta da wata uwa ba da ta biyo mu har bakin mota, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Malam, amana na ba ka, shi kaɗai ya rage mini." Ɗan nata bai ce uffan ba har muka haye gadar, yana ta kallon shagunan gefen titi ta taga, sai can ya nuna wani gini ya ce a nan babansa yake ɗinki a da. An tashi wasan canjaras, kuma ban tuna wanda ya zura ƙwallayen ba. Abin da na riƙe shi ne ranar Lahadi wasu mata daga ɓangarenmu sun bi motar sun je gaisuwar mutuwar wata tsohuwar maƙwabciyarsu, wadda ta rasu wata biyar kafin nan ba su sami hanyar zuwa ba.

Wannan ne ya sa nake ganin kwanakin tsagaita wuta ba su da daraja sai da abin da aka yi a cikinsu. A Salbado, daga 1985, cocin Katolika da asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun riƙa samun kwana uku a shekara daga sojoji da 'yan tawaye domin a yi wa yara allurar rigakafi. A Sudan, a 1995, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya samo tsagaita wutar da ta kai kusan wata shida domin yaƙi da ciwon kurkunu. Ƙungiyar da ta sami alkawarin kwana uku saboda ƙwallo ko kokawa ko dambe ya kamata ta riga ta san me za ta shigar ta wannan ƙofa, ko ma'aikatan rigakafi ne, ko buɗe kasuwar da ta mutu, ko zaman farko a kan burtali da gonar da ake jayayya a kai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Muna da abin koyi a gida ma, tunda bikin kamun kifi na Argungu, da kokawarsa da dambensa da tseren kwalekwale, ya ɗauki siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi. Sulhun ne ya riga, wasan ya zo ya zama shaidarsa.

Roƙona ga masu ba da tallafi shi ne su daina auna aikin ƙungiya da yawan rigunan da ta raba ko manyan baƙin da suka halarta, su tambaye ta wane dattijo ne ya ɗauki amanar hanya, kwana nawa aka amince, kuma wane hukunci unguwa ta yarda za ta yi wa ɗanta idan ya karya alkawari. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon idan ka tura wakilinka ɗauko rahoton irin wannan gasa a ranar 6 ga Afrilu, ka sake tura shi wurin bayan wata uku, ya tsaya a bakin titin da ya raba unguwannin biyu da yamma, ya ƙirga mana mutum nawa suke ratsawa.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin wasanni,
Jos, Jihar Filato.