Song Kang-ho bai fara daga Parasite ba

Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da jaridu suka ambaci Song Kang-ho, ɗan wasan Koriya ta Kudu, sai su liƙa shi da Parasite kaɗai, fim ɗin da ya ci lambobin Oscar huɗu a 2020. Wannan tauye masa haƙƙi ne, domin ya shafe sama da shekara 20 yana jan zarensa kafin nan.

An haife shi a Gimhae a 1967. A dandamalin wasan kwaikwayo ya koyi aikin, ya shiga ƙungiyar Yeonwoo da ke Seoul a 1991. Fitowarsa ta farko a fim a 1996 ƙaramar rawa ce. Sai a 1997, a fim ɗin No. 3, ya fito a matsayin ɗan daba mai in'ina idan ya fusata, 'yan kallo suka riƙa kwaikwayon maganarsa. Matsayin babban jarumin fim kuwa sai a 2000 ya same shi.

Abin da ya kamata mai karatu ya gane shi ne ma'aunin da Koriya ke amfani da shi. A can yawan tikiti ake ƙirgawa, kuma fim ɗin da ya haura tikiti miliyan 10 shi ne gagarabadau, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 52 ba. Song ya tsallake wannan shinge sau huɗu: The Host a 2006, The Attorney a 2013, A Taxi Driver a 2017, sai Parasite a 2019. Dubi rawar da yake ɗauka a ciki: mai tsaron rumfar abinci a bakin kogi, lauyan da bai yi jami'a ba, direban tasi da kuɗin haya ya sha masa kai, uban da ba shi da aikin yi. Talaka ne ko ɗan talaka a kowanne. A ganina sirrinsa ke nan, da kuma riƙe daraktoci. Shi da Bong Joon-ho, daraktan Parasite, sau huɗu suka yi aiki tare.

Ya kuma ɗanɗana kuɗarsa. The Attorney ya ginu ne kan rayuwar tsohon shugaban ƙasa Roh Moo-hyun, bayan fitowar fim ɗin kuma sunan Song ya shiga jerin dubban masu fasaha da gwamnatin Park Geun-hye ta ware don a hana su tallafi. A 2019 ya fito a matsayin Sarki Sejong a The King's Letters, amma fim ɗin ya jingina ƙirƙirar Hangul, rubutun Koriya da tarihi ya ce sarkin ne ya samar da shi, ga wani malamin addinin Buda. 'Yan ƙasa suka ce an murɗe tarihi, suka ƙaurace masa, ko tikiti miliyan ɗaya bai sayar ba.

A 2022 ya zama namiji ɗan Koriya na farko da ya ci kambun gwarzon ɗan wasa a bikin Cannes na Faransa, da fim ɗin Broker. Idan za ku sake yin rubutu a kansa, don Allah ku faro daga 1991.

Wassalam,
Wani mai nazarin finafinan Koriya