A Dawo da Jirgin Kaya Tsakanin Kano da Legas

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan tsadar tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, sai dai ban ga an ambaci jirgin ƙasa ba. Tun 1912 dogo ya haɗa Ikko da Kano. Shi ya riƙa kai goron Agege Arewa, ya sauko da shanu da gyaɗa, har Hausawa suka cika Zangon Agege.

Yau tirela kan kwana biyu ko uku a hanya. Duk wanda ya tsaya wurin sauke kaya da asuba zai ga kwanduna na ɗigar ruwa, ana ware ruɓaɓɓe gefe. Mai saye ke biyan wannan asara.

Sabon layin dogo da ya taso daga Legas ya tsaya a Ibadan tun 2021. Ina roƙon gwamnatin tarayya ta ƙarasa shi zuwa Kano, ta sa taragai masu sanyi domin kayan gwari.

Naku,
Wani ɗan kasuwa, Agege, Legas