Amsa ga Addar da ta tambaye ni ko zan bar 'yata ta je wurin kiɗa

Assalamu alaikum, Adda.

Ranar Asabar da ta wuce, a shirin rediyon da aka gayyace mu don tattauna harkar nishaɗi a Gombe, kin bugo waya daga Pantami saura minti biyu a rufe. Ba ki faɗi sunanki ba. Kin dai ce kin haifi shida, kuma kin girme ni, don haka in ɗauke ki a matsayin adda, wato yayata. Sannan kika ce: "Kai mai kafa lasifika, da rawar 'ya'yan mutane kake cin abinci. Tsakaninka da Allah, za ka bar 'yarka ta je wurin da kake kunna kiɗa?" Ina buɗe baki mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Tun ranar, a majalisa, a shago, har a ƙofar masallaci, tambayar ake ta maimaita mini. Tunda a bainar jama'a kika yi ta, bari in amsa a bainar jama'a.

Ina da 'ya, 'yar fari ce, shekarunta 16, kuma tana son kiɗa kamar yadda nake so. Akwai wurin da ni da kaina zan riƙo hannunta in kai ta. Akwai kuma wurin da in na ji labarin ta taka ko da ƙofarsa, ba zan sake samun barci ba. A duka biyun na kafa kaya, na karɓi kuɗi, na sayi hatsi na kai gida. Nan ne tambayarki ta taɓa ni, kuma ba zan kauce mata ba.

Bari in fara da wurin da zan kai ta. A Jekadafari na tashi, kuma kiɗan farko da ya shiga raina na masu kalangu ne a ƙofar gidan biki. Ke ma kin san yadda abin yake. Makaɗi na rataye da kalangu a hammata, yana matse tsarkiya yana saki, fata na sauya murya har ta faɗi magana. Da ya hango wani dattijo ya ɓullo daga lungu, sai ya juya ya buga masa takensa, mutumin ya tsaya cak, ya sa hannu a aljihu. 'Yan amshi na jiran bakin mawaƙi, mawaƙi na kallon fuskar jama'a. In taro ya yi sanyi ya zafafa, in ya ga tsohuwa ta miƙe ya sassauta don ƙafarta ta iya bi. Abin da aka yi a daren nan ba za a sake yin irinsa ba, ko gobe su ne suka dawo. Wannan ne mai saurare a waya ba ya samu, kuma shi ne ya sa har yau in na ji za a yi wasa da makaɗa na gaske, nakan rage kuɗin hayar kayana don dai in kasance a wurin.

Irin wannan wasan yana ƙaranci, kuma da hannunmu a ciki. Na fara aiki a 2006 ina ɗaukar lasifika a ka, lokacin fiyano ta riga ta karɓe situdiyo. Yau yawancin mawaƙan da ke zuwa wasan salla da filash suke zuwa a aljihu. Su miƙo mini, in kunna, su riƙe makirfo suna motsa baki. Ni ne nake rage muryar makirfon don kada a gane, saboda haka na san abin da nake faɗa. Mutum ya sayi tikiti, ya sha layi, ya zo ya ji abin da ke cikin wayarsa. Yana ci mini rai. Duk da haka, in da rana ne, a fili buɗaɗɗe, mata da ɓangarensu, a tashi kafin magariba, ban ga abin da zai hana ni kai 'yata ba.

Sai ɗaya wurin, wanda na san shi kike nufi: kulob, ko fati na dare, inda DJ ke riƙe da taro daga goma har a kusa kiran assalatu. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba gwaninta a cikinsa ba. Wani salon kiɗan kulob da ake kira "house" ya samo asali ne a gidajen rawa na Shikago, a Amurka, a farkon shekarun 1980, inda aka sa na'ura ta riƙa buga ganga ba gajiya, bugu wajen 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Na baya-bayan nan da yaranmu suka fi so, amapiano, daga Afirka ta Kudu ya zo, ya fi wancan nutsuwa, amma gangarsa ta ƙasa a ƙirji ake jin ta. Aikin DJ shi ne ya daidaita bugun waƙoƙi biyu, ya zare ɗaya ya shigo da ɗaya ba tare da ƙafar mai rawa ta ji an sauya ba. Na ga yaran da suka ƙware a wannan har sai da na jinjina musu. Na kuma ga samarin da suka wuni a rana suna bugun bulo ko tuƙa Keke Napep, suka zo suka yi tsalle awa biyu, ba su sha komai ba sai ruwan leda, suka tafi gida. Ba kowa ne ɗan iska a ciki ba. Hukuncin kiɗa a addini kuwa magana ce ta malamai, su za a tambaya. Ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Ki tuna yadda garin nan ya kasance bayan bam ɗin tashar Dukku a watan Disambar 2014, da na babbar kasuwa ranar 16 ga Yuli, 2015, a jajibirin ƙaramar salla. A ranar na gama ɗaure kaya a mota don wasan washegari. Sauke su muka yi, muka tafi asibiti neman 'yan'uwa. Daga nan taron fili ya mutu na tsawon lokaci, ya fara farfaɗowa kuma korona ta zo a 2020. Amma rawa ba ta mutu ba, Adda, ɓuya ta yi. Ta bar fili inda kawu ko maƙwabci zai iya hango yarinya, ta koma ɗakin otal da gidan haya a bakin gari, ƙofa ɗaya, an rufe ta da kwaɗo, tagogi an toshe don kada sauti ya fita, janareta na hayaƙi a jikin bango. A waje kuma 'yan kalare, 'yan daban garin nan, na jiran wanda zai fito shi kaɗai da waya a hannu.

A irin wannan ɗaki ne, a 2019, abin da ba na son tunawa ya faru. Shekara guda ke nan da gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, amma kwalabensa na nan birjik a ƙarƙashin kujeru, an juye wasu cikin robar lemo. Wajen ƙarfe biyu wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi dab da teburina. Ba za ta wuce shekara 17 ba. Ƙawarta na kuka tana cewa lemo kawai aka ba ta. Na kai hannu zan kashe sauti, mai taron ya ɗaga mini hannu daga nesa, alamar in bari, kada mutane su watse. Na bari. Aka ɗauke ta ta cikin masu rawa, aka ɗau lokaci ana neman mai mabuɗin ƙofa, ni kuwa ina tsaye kiɗa na tashi daga kayana. Daga baya na ji ta farfaɗo. Amma na koma gida da asuba, na tarar 'yata, lokacin tana firamare, tana alwala a tsakar gida, na kasa haɗa ido da ita.

Tun daga ranar ban sake kai kaya fati na rufaffen ɗaki ba. Kafin in karɓi kuɗin kafin alƙalami sai na je na ga wurin da idona: ƙofa nawa ce, a buɗe za ta kwana ko a rufe, wa ke tsaron ta, ƙarfe nawa za a tashi, kuma su wa za a bari su shiga. Nakan faɗa wa mai taro tun farko cewa in wani ya faɗi, ko faɗa ya tashi, zan kashe sauti in kunna fitila, ba sai na nemi izininsa ba. Na rasa ayyuka masu tsoka saboda wannan, a lokacin da kuɗin man janareta kaɗai, tun cire tallafi a watan Mayun 2023, ke cinye rabin abin da ake samu. Wasu abokan sana'a sun karɓi ayyukan da na ƙi. Ban ce na wanke kaina ba, shekara 13 na yi kafin in farga.

Yanzu ki ba ni dama ni ma in kawo ƙara gabanki, domin akwai cutar da ke shiga gidajenmu da rana tsaka, kuma iyaye mata ne ke gayyato ta. Kunne nake nufi. Masana lafiyar ma'aikata sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, awa takwas ce iyakarta a rana. Duk ƙarin uku, lokacin ya ragu da rabi, har in ta kai 100 ya zama minti 15 kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙarar da suke saurare, kuma a 2022 ta fitar da ƙa'idar cewa kada wuraren kiɗa su wuce 100. Ni kuwa na sha aunawa da wayata a gaban lasifika a wurin kamu da walimar unguwa, in ga ta haura haka. Kuma wa ke zama a gindin lasifika? Yara. Wasu har hawa kanta suke don su ji tana girgiza su. Uwa na rawa da jariri a goye, kansa daidai bakin amsa-kuwwa. In na rage, uwar biki ta aiko a ce an biya ni kuɗi, in ƙara, a ji har layin baya. Kunnena na hagu shekara biyar ke nan yana ƙugi dare da rana, likita ya ce abin da ya mutu a ciki ba ya dawowa. Don Allah, Adda, ke da kike da bakin magana a cikin mata, ki faɗa musu su janye yara daga gaban kaya, su kuma bar mu mu rage.

Ga amsarki a dunƙule: fati na dare a rufaffen ɗaki, a'a, ba za ta je ba, kuma na daina kunna wa 'yar kowa. Wasan fili da rana, i, tare da ni.

In Allah ya kai mu salla, akwai wasan da zan haɗa wa sauti bayan la'asar, kuma na sa sharaɗi sai an kawo masu kalangu da 'yan amshi, makirfo a buɗe. 'Yata za ta zauna a gefen teburina, nesa da lasifika, da abin toshe kunne. Zan ajiye kujera biyu kusa da ita. Ki zo da autarki, ki tambayi mai sauti a bakin ƙofa. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki taɓa kafaɗata, zan kashe.

Ƙaninki,
Mai haɗa sauti, Jekadafari, Gombe