Saura ƙiris ka zo mini ta'aziyyar jita

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da ɗan autan nan mai tsinka maka wayoyin jita. Na san laifina ne, wata huɗu ban ce maka uffan ba. Bari in fara sauke abin da ke cina, maganar makullin maratayin jita ce.

Ranar Asabar muna tsakiyar gwaji, na saki hannu zan gyara makirufo, sai na ji kafaɗata ta yi sakayau. Jitar ta sulale. Allah ya taimake ni na tare ta da gwiwa, har yanzu wurin a kumbure yake. Ka san nauyinta ya haura kilo 4, kuma da ta sauka da ka, a wuya za ta karye, can sama inda katakon ya fi siriri. Mai gangarmu ya ajiye sanduna yana ta ƙyaƙyata dariya, wai bai taɓa ganin na yi rawa mai kyau irin wannan ba.

Abin haushin shi ne makullin maratayi na sa mata, wato ɗan ƙarfen da ke kulle maratayi a jikin jita, irin wanda na yi ta yi maka wa'azi a kai. Kuma makullin bai buɗe ba! Yana nan ram a jikin maɓallinsa, sukurun da ke riƙe maɓallin a jikin jita ne ya zare daga katako gaba ɗaya. Ashe ya daɗe yana rawa, ni kuwa ina ta murɗa shi da ɗan yatsa ina cewa gobe. Duk motsin da ya yi, haƙoransa na cin katakon, har ramin ya yi masa yawa.

Gyaran ba wuya. Na tsoma tsinken sakace guda 3 a gam ɗin kafinta, na cusa a ramin, na karya abin da ya leƙo, na goge gam ɗin da ya tsatso, na bar shi ya kwana. Washegari na mayar da sukurun da sukundireba, da hannu, yana tsayawa na tsaya. Kar ka yarda ka sa injin, kuma kar ka kusanto da gam mai kamawa nan take, ɗigo ɗaya a jikin fenti ya ishe ka baƙin ciki. In ramin ya yi faɗi sosai, sai a toshe shi da ɗan guntun katako a huda sabo siriri.

Da na duba ɗaya ɓangaren kuma, notin da ke riƙe makulli a jikin fatar maratayi shi ma ya kwance rabi. Wannan dalilinsa daban. Fata tana lotsawa in an matse ta, notin ya sami sarari, kowane juyi na maratayi ya ɗan warware shi. Sai ka ɗaure da sifana, ka ba shi kwana biyu fatar ta zauna, ka sake ɗaurewa, sannan ka kwance kaɗan ka ɗiga Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, shuɗi mai lamba 243, ka matse. Shuɗin fa na ce. Jan nan mai lamba 271 sai an gasa shi da zafi kafin ya saki, kuma na san ka da son abu mai ƙarfi. A ƙarfe da ƙarfe kawai yake aiki, ba ya komai a katako. In babu, ka saci man farce mara launi na Hajiya, yana riƙewa, amma kar ka ce ni na aike ka.

Af, ka ji mai gangar nan wai aure zai yi? Mutumin da ko sanda ba ya iya riƙewa har ƙarshen waƙa. Mai fiyano kuma ya aske gemun, ba za ka gane shi ba.

Na ga kamfanin Schaller sun fito da wasu makullan maratayi, S-Locks, a 2018, notinsu kamar ɗan faifai ne, da wani ƙaramin sukuru a gefe da ke danne shi. Ina jin su zan sa wa jitata ta biyu. In irin masu siffar kofaton doki gare ka, ka tabbata bakin yana kallon sama, yadda ko fil ɗin ya saki, jitar na zaune a cikinsa. A hoton da ka turo mini kwanaki, kamar naka na baya a kife yake. Je ka duba yanzu, zan jira.

Ka gaida mutan gida. Kuma ina kebul ɗina mai ja da ka ara?

Naka har kullum,
mai kumburarriyar gwiwa