Albasar Galmi bayan ficewar Nijar daga ECOWAS

Ranka ya daɗe Edita,

Tun da Nijar ta kammala fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, muhawara ta tsaya a kan siyasa, an bar manomi a baya. A ƙarƙashin tsarin cinikin ƙungiyar, amfanin gona da dabbobi suna ƙetare iyaka ba kuɗin kwastan, ba a ma neman takardar asalin kaya, sai ta lafiyar tsiro ko dabba. ECOWAS ta ce a ci gaba da hakan, amma na wucin gadi ne.

Albasa ba ta jira. Motar da ta tashi daga Galmi, garin noman albasa a Nijar, zuwa Kumasi ta ƙasar Gana, in ta kwana biyu a bakin boda cikin zafi, buhunan ƙasa suna yin gumi, wuyan albasar ya yi laushi, ruɓa ta hau sama. Dillali kuwa a gona zai zabtare asararsa.

Hana fitar da hatsi da Yamai ta yi a Oktoban 2024 ma ya taɓa mai wake, wanda kasuwarsa Najeriya ce. Muna kira ga Nijar da ECOWAS su rattaba hannu a kan yarjejeniya da ta ambaci albasa, wake da dabbobi da sunansu, ta kuma ƙayyade awannin bincike a boda.

Naku,
Wasu 'yan kasuwar albasa