Zuwa ga ƙanena a Galmi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida. Nan Akra ma lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Kaya sun iso, kuma albasar ta yi kyau, ɓarnar hanya kaɗan ce. Na ba direban da ya kawo su wannan takarda, domin maganar da ke ciki ta fi ƙarfin saƙon murya da ake saurare sau ɗaya a wuce. Ka karanta a natse, ka ajiye.

Inna ta ce tun shigowar rani ba a gane maka. Injin ban-ruwa ya ƙi tashi, ka wuni kana faɗa. Awakin maƙwabci sun shiga fangali, sai da dattawa suka shiga tsakaninku. Ka dawo gida tuwo bai sauka ba, ƙanwata, wato matarka, ta kwana tana kuka. Ba ƙararka Inna ta kawo ba, damuwa ce irin ta uwa, kuma cewa ta yi in ba ka haƙuri. To, na ba ka. Amma ba haƙurin nan na a haɗiye a yi shiru nake nufi ba, wanda ke taruwa a ciki har ranar da zai fashe kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ka san abin da 'yan albasa suka gani a garin nan. A 2021 aka tashe mu daga Agbogbloshie, tsakiyar gari, aka kai mu Adjen Kotoku, can gaba da Amasaman ta hanyar Nsawam. A 2022 sidi, kuɗin Gana, ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 a ƙarshen shekarar. A 2023 aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yamai, motoci suka tsaya a hanya kaya na ruɓewa a ciki. Abin da na lura da shi kuwa, waɗannan manyan musibu ba su ne suke haɗa mutane faɗa ba. Ranar babbar asara kowa salati yake yi, ana yi wa juna jaje. Abin da ke raba abokan shekara da shekaru shi ne wani ya matsa buhunsa cikin wurin wani, ko ɗan dako ya sauke kaya inda ba a ce ba.

Akwai wani dattijo mutumin Madawa da rumfarsa ke kusa da tawa. In aka ɓata masa rai, sai ka ga ya zauna kan buhu, ya nemi ruwa ya kurɓa, kafin ya ce uffan. Da na tambaye shi, ya ce ai ba sabon abu ba ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Duk mun san hadisin tun muna makarantar allo. Abin da ya ƙara mini shi ne abin da yake yi a cikin zaman nan: tambayar kansa yake, me ya taɓa ni, kuma me ya sa yanzu?

Na gwada, kuma amsoshin da na samu sun ba ni mamaki. Matan da ke sayen sari a nan sai sun sa an zazzage buhu, sun latsa, sun taya da farashin da ko kuɗin mota bai kai ba. Da safe suna yin haka muna raha, har da ɗan Turancina da ɗan Ashantancin da na tsinta. Amma matar nan, da halin nan, in ta zo bayan azahar sai in ji kamar ta zage ni. Ashe yunwa ce da zafin rana. Yanzu ba na fara ciniki sai na sha koko da ƙosai, kuma tsakar rana nakan ci wake da shinkafa ko kasuwa na ci. Haka yaron torotoro, motar haya ta nan, da ke riƙe wa mutum canji har sai an kusa sauka. Na duba, sai na ga ba 'yan kuɗin ne ke ƙona mini rai ba, zato ne cewa ya ga baƙo ya raina. Alhali har 'yan gari haka yake yi musu. Na koma tanadin ƙananan kuɗi a aljihu, na kuma riƙa fita da an sallame asuba, kafin hanya ta cushe.

Kada ka ɗauka duk ɓacin rai yunwa ce ko zato. Ruwa ba ya tsami banza. In wari ya buge ka a bakin rudu, ma'ajiyar albasa, ba hancinka za ka toshe ba, shiga za ka yi ka nemo wadda ta ruɓe ka fitar kafin ta shafi saura. A kasuwar nan, mafi yawan mutumin da ka ga yana haɗe rai in ya hango wata mai saye, to bashi ne tsakaninsu da ba a rubuta ba. Shi yana jin nauyin tambaya, ita ta lissafa nata daban. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Littafi guda da biro, da sheda, sun kashe rigimar da wa'azin haƙuri bai kashe ba.

Don haka ka duba naka. Injin nan ya tsufa, kai ma ka sani, kuma a ganina ba shi kake yi wa faɗa ba, tsoron kada dashe ya ƙone kuɗin taki ya bi ruwa ne ke cin ka. Wannan tsoro gaskiya ne, maganinsa makaniki ne ko sabon inji. Awaki kuwa in dai babu shinge za su sake shiga, ko maƙwabcin nan waliyyi ne. Ita kuma matarka ba ta da laifi a cikin ko ɗaya, sai dai ita ce ta farkon da kake tararwa in ka shigo da kayan da ka ɗauko daga gona. Wannan shi ya fi damuna a duk labarin. Kafin ka shiga gida ka tsaya a zaure, ka yi alwala in da ruwa, ka san da me ka dawo. In kana da magana da ita, sai an ci an sha. Kuma ka ba ta haƙuri a kan na ranar nan, ba ya rage ka da komai.

Na cire wani abu daga kuɗin wannan kaya, yana hannun direba. Ka kai injin a duba, in gyara ba zai yi ba ka sanar da ni farashin sabo a Ƙonni. Ka auna gefen gonar da awaki ke bi, ka ji kuɗin waya, sannan ka je wurin maƙwabcin nan da kanka ka gaya masa za ka yi shinge, kada ya wayi gari ya gani ya ɗauka gaba ce. Kuɗin maganin Inna na daban ne, na ɗaure shi a leda. Ka gaishe ta, ka gaida ƙanwata da yara, da Liman.

Wassalam,
Yayanka, daga Akra.