Wasiƙa daga Alƙahira zuwa ga Sani

Alƙahira, 12 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum, mutumina Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da Baba da su Gwaggo. Ni lafiya ƙalau, sai sanyi. Hunturunmu na Kano wasan yara ne, nan da safa biyu nake kwana. Amma kada ka gaya wa Inna.

Ka ce na share ka. Wallahi jarrabawar zangon farko ce ta sha kaina. Nan Juma'a ce ranar hutu, Lahadin da kuke miƙe ƙafa mu muna aji. Da an sallame asuba nake bin mota, a yi lacca har azahar, bayan la'asar in wuce masallacin Azhar in zauna a da'irar wani shehi da ke karantar da Alfiyya, littafin nahawun nan na waƙe. Kamar zauren Malam ne, sai dai na damanka ɗan Indonesiya, na hagunka ɗan Senegal. Cikin baiti dubu na haddace ɗari huɗu da 'yan kai, ka ga na wuce inda muka tsaya. Da dare kuma ina da yara biyu da nake yi wa ƙarin Alƙur'ani, shi ne ɗan abin da ke shigowa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An ce mini Habu ya daina zuwa makaranta, kullum yana Farm Centre wajen masu gyaran waya. Gaskiya ne? Kuma kana gani ka yi shiru? Yaron da zai zana WAEC bana! Na turo maka Naira 70,000. Ka je makarantar da ƙafarka ka biya kuɗin jarrabawarsa, ka karɓo rasit ka ɗauko mini hotonsa. Abin da ya rage ka damƙa wa Inna a hannunta, na maganin hawan jininta ne. Ko sisi kada ya bi ta hannun Habu.

Makon jiya na leƙa Azbakiyya, kasuwar tsofaffin littattafai da ke kusa da Ataba. Ina cikin tone-tone sai ga Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bangon ya ɓalle, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su da shayi. Mai rumfar bai san darajarsa ba, muka yi ciniki na saya. Kwana uku ina karanta shi ƙarƙashin bargo maimakon in yi bitar darasin Balaga, wato fasahar magana. Ka ga Gobir da Alƙalawa da Tafkin Kwatto, yaƙin 1804 da muka haddace a firamare, an rubuta su da Larabci tsantsa, kai kana zaune a Masar. Sai da idona ya ciko. Abin kunya, sai da na tsallaka hamada na karanta littafin gida.

Na san za ka ce mai kuɗin littafi ai ba ya cikin matsi. Ni ma abin ya dame ni daga baya, da na tuna ɗakin Inna da ke yoyo. Tun da aka karya darajar junaihi, kuɗin Masar, a Maris ɗin bara, dala ta kai wajen junaihi 50, komai ya tashi. Amma ful da gurasa ba sa gagara, kuma cikin Bakano ba ya ƙin wake. Baje kolin littattafai na ƙarshen wata kam kallo kawai zan je.

Kai fa, ya naka karatun? Har yanzu laccar bakwai na safe ce ke hana ka shan koko? Yaushe za ku fita koyarwar gwaji? Ka rubuto mini abin da kake karantawa, in ma labaran soyayyar nan ne ka faɗa, ba zan tona ba. Risalata da ka ara, ka mayar akwatina kafin gara ta riga ni.

Ka zaunar da Habu, ka ce ni na ce Litinin ya sa kayan makaranta. In ya ƙi, ka haɗa shi da Kawu, kada Baba ya ji, jikinsa ba zai ɗauka ba. Rasit ɗin nan, Sani, kada ka manta. In an sami mai tahowa, Inna ta ƙullo mini kuka da daddawa da ɗan yaji.

Naka,
Bashir